Likkafanina a Tarauni

Litinin, 6 ga Oktoba

'Yata Safiyyah ta warke daga zazzaɓi. Gwiwata tana nan yadda take. Ƙasimu lafiyarsa ƙalau, hankalinsa ne ban sani ba. Tun da ya gama jami'a yake zaune, yau ya shigo yana washe baki wai ya sami aiki a Tarauni wurin abokinsa Faruk. Ɗakin wasa ne wai. A kulle mutane cikin duhu, a tsorata su da kabari, sai sun amsa tambayoyi a buɗe musu. Na ce kai mene ne aikinka a ciki? Ya ce, "Gawa, Umma." Har da dariya.

Ban ci tuwo ba.

Laraba, 8 ga Oktoba

Wai wa'azin zamani ne, in ji Ƙasimu. Wa'azi da tikiti? Malamar da ta koya mana karatu a ajin matan aure na Gyaɗi-Gyaɗi ba ta taɓa kashe fitila don mu ji tsoron Allah ba. Na ce ya bari. Ya ce ban waye ba. Ni.

Juma'a, 10 ga Oktoba

Na buɗe adaka neman turare, babu likkafanina. Biyu mijina Malam ya zo da su daga Makka, an tsoma su a zamzam. A ɗaya aka kai shi. Ɗayan nawa ne. Safiyyah ta ce, "Yaya ne ya ɗauka, wai tsohon farin yadi ne ba ki amfani da shi."

Wayarsa a kashe. In ya sa masa almakashi, wallahi...

Asabar, 11 ga Oktoba

Na hau adaidaita bayan azahar. Allon wurin da kaina na karanta: DAREN FARKO. Faruk na bakin ƙofa, ya rusuna, "Hajiya, yana ciki, ba ya fitowa sai an gama." Na ce kauce, ɗan banza, ni na yi maka wankan jego? Wasu 'yan mata na shiga suna ɗaukar hoto, na kutsa cikinsu. Aka ja ƙofa, na ji makulli.

Duhu. Ƙamshin kafur da jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ɗakin matsattse, rufin kamar zai taɓa kaina. Can sama ana jin takun mutane suna tafiya suna nisa, kamar masu komawa gida daga maƙabarta. 'Yan matan suka daina dariya. Ɗaya ta riƙe min mayafi, "Mama, don Allah kar ki sake ni." Na ce ke kika kawo kanki.

Sai wata murya ta cika ɗakin: "Wane ne Ubangijinki?"

Na san na'ura ce. Na san amsar tun kafin a haifi mai na'urar. Amma harshena ya ƙi motsi. Wannan ba zan faɗa wa kowa ba.

Jar fitila ta kama a lungu. Makara, da mutum a kai, an ɗaure kai da ƙafa. Na gane yadina. Na gane tsawon wanda ke ciki, tsawon ubansa ne sak. Ƙa'idar wasan, wai gawa ta tashi zaune a yi ihu a nemi makulli a ƙarƙashinta. Ban jira ba. Na faɗa kansa ina kwance ɗaurin, ina kiran sunansa. Ban san ina ihu ba sai da Faruk ya kunna wuta.

"Umma, ni ne, lafiyata ƙalau."

Na sharara masa mari. Sannan na kasa sakin wuyan rigarsa.

Bai yanka yadin ba.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Jummai maƙwabciya ta ce mu kai ƙara wurin mai unguwa a rufe wurin. Na ce sai dai gobe, gwiwa.

Ƙasimu kuwa da asuba ya shigo gaishe ni, ya tsuguna ya daɗe. Ya ce ya ɗauka likkafani a kasuwa ake sayowa ranar da aka rasu, bai san ana ajiyewa ba. Ka ji ɗan boko.

Talata, 14 ga Oktoba

Har yanzu wurin banza ne, ban canja ba. Jummai ta sake zuwa, na ce gwiwa.

Na aika Safiyyah ta gaya wa Ƙasimu: ya tambayi Faruk a ba shi tsaron ƙofa, ko kunna muryar nan, ko shara. Makara dai a'a, ba ina raye ba. Ina son amsa kafin Juma'a.

Na jiƙa sabulu zan wanke likkafanin. Warin turarensa ne a jiki, wannan mai hawa kai da nake hana shi fesawa. Na zubar da ruwan, na ninke shi haka na mayar adaka.