Shafin da Gara Ta Ci

Yamai, 3 ga Maris

Baba,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, kai da Inna da ƙannena. Goggo Habsa tana gaishe ku.

Bayan haka, malaminmu na Faransanci a lise, wato sakandare, ya ba mu rubutun gardama, ban san ta inda zan kama ba. Tambayar ita ce: ya dace ɗiya mace ta karanci likitancin dabbobi? Goggo ta ce zamaninku babu wanda ya kai ka a irin wannan rubutu. Don Allah ka aiko mini da tsarin ta hannun direban motar kasuwa.

Ɗiyarka,
Samiratu

Filinge, 9 ga Maris

Zuwa ga ɗiyar wajen Habsa,

Muna lafiya, muna amsa gaisuwa.

Na tono tsohon littafina na lise. Tsarin kashi uku ne. Na farko, hujjojin i. Na biyu, hujjojin a'a. Na uku kuwa gara ta cinye shafin. Na tambayi Abdulgafar, abokin ajina, ya ce a nan ake sasanta su. Yadda ake sasanta i da a'a, shi ma bai tuna ba.

Na fara da a'a, tunda kin san ra'ayina: koyarwa ta fi dacewa da mace. Na sami hujja biyu, nisan daji da ƙahon bijimi. Sai na koma kan i, don cika ƙa'ida kawai. Na rubuta cewa a ruga mata ke tatsa, su ke fara gane saniya ba ta da lafiya, kuma ba sa sakin jiki da baƙo namiji. Na rubuta saniyar kakarki da ta mutu a Bonkuku da maraƙi a ciki, bayan mun kwana biyu muna jiran likita. Kafin la'asar hujjojin i sun kai bakwai, ga su nan na haɗo miki.

Abin nan ya dame ni. A littafin da nake rubuta al'amuran kullum na sa: "Yau na yi gardama da kaina, an kayar da ni, ban san wa ya ci ba." Wataƙila na juya tsarin ne. Ki tambayi malamin ko an yarda kashi ɗaya ya fi ɗaya tsawo haka.

Allah ya yi miki albarka.
Ibrah

Yamai, 12 ga Maris

Ibrah,

Ina gaishe ka da iyali. Kai dai har gobe kana nan yadda na san ka!

Babu malamin da ya ba da wani aiki. Ni na ce ta rubuto. Takardar zaɓen fannin karatu aka ba su, kuma ba a karɓa sai da sa hannun uba, ranar Alhamis ta sama za a rufe. Shekara sha takwas ko sunanta ba ka kira, wai kunyar 'yar fari. To ta yaya za ta zauna gabanka ta ce ba ta son koyarwa? Na ce mata ubanki ba ya jin maganar kowa, amma ba ya tsallake ƙa'ida.

Ta karanta bakwai ɗin nan naka. Da ta zo kan saniyar Innarmu sai da ta share hawaye.

Ga takardar. Layi na farko koyarwa, na biyu likitancin dabbobi. Kar ka ce za ka sake tono wani littafi.

Yayarka,
Habsa

Filinge, 16 ga Maris

Yaya,

Gaisuwa da girmamawa.

Har yanzu ban gane ba, ku kuka yaudare ni ko ni na yaudari kaina. Kwana uku ina neman hujjar a'a ta uku, ban samu ba. Ga takardar, na sa hannu a layi na biyu.

Ki ce wa yarinyar nan ta riƙa tsayawa ta gefen bijimi, ba ta gabansa ba. Wannan hujjar ban janye ta ba.

Ƙanenki,
Ibrah