Mita Arba'in da Biyu

3 ga Oktoba

Yaya Radovan,

Gaisuwa mai yawa, kai da Anica da yara. Ya sanyin Vienna? Mama na gaishe ku, ƙafar tata sai a hankali.

Zauna kafin ka karanta. Ka tuna bututun ƙazanta da ƙaramar hukuma za ta shimfiɗa a layinmu, kowane gida yuro ɗari huɗu? Har tayal ɗin banɗaki na saya, don na rantse bana Mama ba za ta ƙara dogara sanda cikin ƙanƙara zuwa masai ba. Bara sau biyu tana faɗuwa.

Shekaranjiya an yi taro. Ɗan kwangila ya ce sun ci karo da dutse, kuɗin aiki ya ninka, hukuma kuma ta ce ko sisi ba ta ƙarawa. Sai Gavra mai shago ya miƙe ya ce, "Ni da ƙofata ɗaya zan biya daidai da masu fada? A auna gaban gidan kowa da mita!" Ni ma har da ɗaga hannu, tunda gaban gidan Mama mita tara ne.

Yau takarda ta zo da sunan Mama: mita arba'in da biyu, kusan yuro dubu uku. Na tafi ofis ina masifa, sai ma'aikaciyar wurin ta juyo mini kwamfutarta. Benenka mai hawa uku da ke jikin katangarmu, sunan Mama ne a takardunsa, shi ya sa suka haɗa gabansa da namu.

Yaya, yaushe aka yi haka?

Ƙanwarka,
Jagoda

14 ga Oktoba

Zuwa ga ƙanwata Jagoda,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, saƙonki ya iso. Ki daina tayar da hankali, tun kina ƙarama haka kike.

Na sa sunan Mama ne don kada hukumomin nan su ga ina da kadara a gida. Kowa haka yake yi, kuma ita ta sa hannu da kanta. Ki rubuta takardar ƙorafi, ki ce gidana ba kowa a ciki, ba ya buƙatar bututu. In sun ƙi, a jira bazara. Kafin nan a ajiye wa Mama bokiti a ɗaki.

Ki gaishe ta da kyau.

Yayanki,
Radovan

22 ga Oktoba

Yaya,

Muna lafiya. Bokiti? Matar da ta haife ka? Na karanta mata wajen, ta ce, "Ce masa shi ya zo ya riƙa zubarwa."

Ƙorafin bai karɓu ba, sun ce bututu ta gaban gida yake wucewa, ko da mutum ko babu. In ba mu biya ba kafin sha biyar ga Nuwamba, a kusurwarmu zai tsaya, gidaje shida na ƙasa da mu su ma su rasa. Jiya a coci Stana, mai ɗaya daga cikin gidajen, ta ga Mama ta kau da kai. Shekara hamsin suna shan kofi tare.

Banɗaki huɗu ka gina a gidan da kake kwana sati biyu a shekara, ko ɗaya ba a taɓa shiga ba. Ni albashina na kanti ka san shi. Sayar da tayar marsandin nan taka ɗaya mana, ai ta biya wa layin gaba ɗaya.

Jagoda

30 ga Oktoba

Jagoda,

Ina gaishe ki. Motar ba tawa ba ce. Haya nake ɗaukowa duk zuwan da zan yi. Shekara biyu ke nan da bayana ya hana ni aikin gini, Anica ke ciyar da mu da goge-gogen ofisoshi. Na sa benen a kasuwa a ɓoye tun bara, ko mai tayawa babu. Ga yuro ɗari biyu na turo, shi ne iyakata.

Don girman Allah kada Mama ta sani. Kunya za ta kashe ni.

Radovan

12 ga Nuwamba

Yaya,

Gaisuwa. An biya, amma ba ni na biya ba.

Ban faɗa wa Mama komai ba. Ranar Litinin ta sa na kai ta maƙabarta, na zaci kyandir za ta kunna wa Baba. Sai na tarar da mai sassaƙa dutsen kabari yana jiranmu da guduma. Ashe ta sayar da gurbin kabarinta na kusa da Baba ta biya kuɗin bututun, iyalan kabarin gefe suka saya. A gabana ya ciro hotonta da aka manna a jikin dutsen kabarin tun rasuwar Baba, ya kankare sunanta da shekarar haihuwarta. Shekara sha ɗaya tana zuwa tana goge sunan nan da gefen ɗankwalinta.

Na fashe da kuka, na ce, "Mama, to ke a ina za ki kwanta?"

Ta ce, "Inda Radovan ya samar mini. Na san ba shi da ko sisi, tun bara na gani a takalminsa. Ba sauri nake ba, ya tara a hankali."

Gobe za su fara haƙa gaban gidanmu. Hoton yana jakata, ban san inda zan ajiye shi ba.

Ka huta lafiya.

Ƙanwarka,
Jagoda