Wurin Motar Malama Lidiya

Kankara,
9 ga Satumba, 1976

Zuwa ga ɗana Harisu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kamar yadda muke nan lafiya. Yaya aiki, yaya zaman Kaduna? Maiɗakina, babarka Barakatu, tana gaishe ka. Ta ce har yau ba ta yarda ɗalibina da ke zubar mata da tawada a tabarma shi ne ya zama jami'in tsara gari ba.

Albishirinka. Da shirin nan na ilimi kyauta, makarantar Pauwa da nake kula da ita ta sami malama mace, Lidiya ɗiyar Mati, daga wani ƙauye a ƙasar Faskari. Da iyaye suka ji haka, sai suka kawo 'yan mata ashirin da uku. Shekara goma ina roƙo ban taɓa samun biyar ba.

Abin da ya rage shi ne masauki. Ita da wasu sababbin malamai biyu, Gide da Audi, ba su sami ɗaki a Pauwa ba. Sai na tuna da filin gadona da ke jikin tasha. Zai ɗauki ɗaki uku da makewayi, kuma in sun fito da safe ga motar a-kori-kura mai zuwa Pauwa a bakin ƙofa. Amma takardar izinin gini ta dawo daga ofishinku, wai kowane gidan haya sai ya bar wurin ajiye mota, ƙafa goma da ƙafa ashirin. Harisu, wace mota? Audi ko keke bai mallaka ba. In na bar wurin, ɗaki biyu kawai zai shiga.

Na san kuskure ne aka yi, kuma da ka duba za ka gyara. Allah ya yi maka albarka.

Malaminka,
Abdulƙarim Ketare

Kankara,
21 ga Yuli, 1977

Ɗana Harisu,

Ina gaishe ka, da fatan kana lafiya. Mu dai alhamdulillahi, damina ta yi kyau.

Na daɗe ban ba ka amsa ba don ban san abin da zan ce ba. Ka rubuto cewa da kuɗin man fetur ɗin nan, nan da shekara biyar kowane malami zai hau mota. Ka kuma tuna mini cewa ni na koya maka ba a lanƙwasa doka don sanayya. Gaskiya ne, ni na koya maka. Ban dai yi zaton a kaina za ka fara gwadawa ba.

Na gina ɗaki biyu. Na ba Gide da Audi saboda suna da iyali. Wannan zaɓina ne, ba naka ba, kuma yana damuna. Gidana ka san shi, ba ɗakin da zan ba ta, kai ma a zaure ka zauna. Malama Lidiya ta koma wurin goggonta a bayan gari, mil uku daga tasha, ga rafi a tsakani. A-kori-kurar sau ɗaya take tashi, ƙarfe shida da rabi, ba ta jiran kowa. A watan nan kwana tara ta rasa ta. Ranar Talata ta taka da ƙafa har Pauwa, ta isa rana tsaka, taɓo har gwiwa, ta tarar an sallami yaranta. Daga sama aka aiko mata da takardar gargaɗi, kuma ni aka sa na miƙa mata.

Wurin motar yana nan, na yi masa siminti kamar yadda aka umarta. Awakin Dada mai ƙosai ne ke hutawa a kai, suna kuma jin daɗinsa ƙwarai.

Ina roƙonka ka sake kai maganar gaba. Ba don ni ba.

Malaminka,
Abdulƙarim

Kankara,
14 ga Maris, 1978

Harisu,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan kai da iyalinka kuna lafiya. Na ji ka sayi mota, Allah ya tsare, ya sa a kashe lafiya.

Takardarka ta iso, tare da sanarwar cewa an janye dokar wurin mota ga gidajen da ke kusa da tasha. Ka ce kai ka rubuta shawarar, kuma wasiƙuna biyu ka karanta wa manyanka. Na yarda da kai, na kuma gode. Wasu za su amfana.

Malama Lidiya ta ajiye aiki tun watan Oktoba. Ta zo gida ta durƙusa ta ba ni rajistar aji da ragowar alli a cikin gwangwani, ta ce in yafe mata ta ba ni kunya. Ita ce ke neman gafarata, Harisu. Na kasa ɗaga kai, sai Barakatu ce ta tashe ta. Yanzu tana aiki a wata masaƙa a can Kaduna. Wataƙila kana wuce ta a hanya da safe.

Cikin 'yan mata ashirin da uku, huɗu suka rage. Iyaye sun ce don malama suka kawo su. Akwai wata Zulaihatu da ta fi kowa lissafi, har tana tuna mini da kai. Duk ranar da na je Pauwa sai ta tare ni a bakin makaranta, ba ta shiga, ta tambaye ni yaushe Malama za ta dawo. Na daina ce mata an kusa.

Jiya na auna wurin da igiya. Ɗaki ne sosai, har da wurin girki. Zan gina, ko Allah ya sa a sake aiko mana da wata. Amma ba zan fasa simintin ba tukuna. In ka sami hutu, ka zo da motarka ka ajiye ta a kai, ko da na awa ɗaya ne. Ina so in ga abin da aka kore ta dominsa ya yi amfani sau ɗaya. Zan gaya wa Dada ta janye awakinta.

Babarka tana gaishe ka. Ni ma haka.

Malaminka,
Abdulƙarim Ketare