A Mayar Mana da Azararmu Uku

Zuwa ga mai girma shugaban aikin hanyoyin gari,

Ranka ya daɗe, gaisuwa mai yawa, da fatan kai da iyali kuna lafiya. Sunana Dije, a Fagge nake zaune. Ka yi haƙuri da rubutun nan, da furfurata na shiga ajin manya, har yau baƙaƙena tafiyar agwagwa suke yi. An ce mini ba ka girmi babban jikana ba, don haka ni ina da izinin tsokanarka, kai kuwa ba ka da izinin fushi.

Na ji sanƙira yana shela cewa za a ware wa masu keke hanyarsu daga tashar jirgi zuwa kantuna, don jama'a su ƙara hawa. Na yi murna, ko da yake ban taɓa ɗora ƙafa a feda ba. Ashe a kaina aikin zai ƙare.

Ina da ƙawa a Sabon Gari, Maman Ngozi mai manja. Shekara ashirin da ɗoriya, duk Alhamis bayan azahar takan hawo kekenta da garwa ɗaure a baya, ta biyo lungun da ya haɗa unguwanninmu, ta kaɗa ƙararrawa sau biyu a ƙofar zaure. Ni in yi wa Hausarta dariya, ita ta yi wa miyata. Da Malam maigidana ya rasu, ita ta riƙa zama da ni har na fita takaba. Ɗana aikin jirgi ya kai shi kudu, 'yata tana aure a Gusau, 'yan hayar gidan kuwa da sassafe suke ficewa. Gwiwoyina ba sa kai ni ko bakin titi. Akwai makon da in ba a salla ba, sai ranar Alhamis nake jin muryar kaina.

To ga kukana.

Na farko, malamin da kuka zaunar a gindin bishiya yana ƙirga kekuna, da safe yake zama, sai kuma lokacin tashi daga aiki. Akawuna ya ƙirga, masu farin wando da doguwar safa. Bai leƙo lungu ba, balle ya ga tsohuwa da garwa. A takardarku ba wanda ke bin hanyarmu.

Na biyu, a tsakiyar lungun akwai kwata. Marigayi maigidana da hannunsa ya gitta mata azara uku, a kansu keke yake wucewa. Da leburorinku suka zo juyo ruwan sabuwar hanya, suka faɗaɗa kwatar ta zama lambatu, suka kwashe azarar. Ban ce sun yi girki da ita ba, amma na ga hayaƙi.

Na uku shi ne mai ciwon. Alhamis ɗin da ta biyo baya, ina zaune a zaure, ƙararrawa ba ta kaɗa ba. Sai la'asar wata mai koko ta shigo ta gaya mini. Maman Ngozi ta iso bakin lambatu, ta ƙi juyawa, ta ɗaga keke za ta tsallaka, santsi ya kwashe ta. Manja ya malale har mutane suka zaci jini ne. Gwiwa ta kumbura. Yanzu ta warke, amma ɗanta, kafinta ne, ya rataye keken a rufin shago. Zagayen babban titi cike yake da motocin gyaɗa, ya rantse uwarsa ba za ta shiga tsakaninsu ba. Ban ga laifinsa ba. Ya aiko mini cewa ranar da aka sa gada, ranar zai sauke keken.

Yanzu Alhamis tara ke nan. Kowace ina raba goro biyu, in ci rabi, ɗayan ya bushe a gefen tabarma. In keke ya wuce a waje sai in miƙa wuya, alhali na san ƙarar ƙararrawarta, tana da ɗan dishi kamar mai ita.

Ranka ya daɗe, ban roƙi kwalta ba. A ɗora mana gada ko ta katako ce, mai faɗin da keke da garwa za su wuce. In ta yi muku nauyi, a mayar da azara, a ƙara mata tsawo. Kuma in za a sake ƙirga, a aiko malamin nan zaurena ranar Alhamis, zan ba shi kujera da fura, ya ga masu keken da ba sa zuwa ofis. Ku hanzarta, don ni da ita ba yara ba ne, ban san Alhamis nawa ta rage mana ba.

Allah ya ƙara maka girma, ya raya maka zuriya, ya sa in ka tsufa kana da mai kaɗa maka ƙararrawa a ƙofa. Jibi Alhamis ce, zan shimfiɗa tabarma biyu.

Wassalam.

Kakarka,
Dije, Fagge