Ranar Da Na Yi Shiru A Cikin Randa

Daga ƙauyen Baba Zakro, gefen kogin Alazani,
27 ga Sha'aban, 1322.

Zuwa ga yayana Hizri,

Bayan sallama irin ta addinin Musulunci, da gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyalinka. Allah Ya ƙara wa Inna lafiyar ido, Ya jiƙan Baba, Ya sa tumakinmu su wuce sanyin bana ba asara. Na ji a bakin Tahir makiyayi cewa an haifa maka namiji, kuma wai hancinka ya ɗauko. Na yi masa addu'a, don yaro bai san laifin da ya yi ba. Ni lafiyata ƙalau, har yanzu siriri nake kamar yadda ka san ni. Tahir zai haye dutse gobe da safe da garkensa, kuma shi ne na ƙarshe bana, don ƙanƙara ta riga ta sauko rabin mashigar dutsen. Na yi wa Inna alkawari zan zo mu yi azumin farko bayan rasuwar Baba tare. Yaya, Tahir kaɗai za ku gani. Ka zauna ka karanta kafin ka fara zagina.

Ka san da na kama aiki a gidan Baba Zakro, Kiristan nan mai gonar inabi, sharaɗi na kafa: zan tsinki inabi, zan wanke randuna, amma ba ruwana da abin da ake zubawa ciki. Randunansa bakwai ne binne a ƙasa har wuya, babbar ta fi tsayina, kuma bakinsu ba ya karɓar mai tumbi irinka. Ni nake shiga ciki da kyandir da ɓawon itace in kankare, shi yana zaune a baki yana miƙo ruwa. Dokarsu ita ce na ciki ba ya yin shiru. Randa takan riƙe mugun iska mai kwantar da mutum ba ko tari, don haka dole ka yi ta waƙa, na sama ya san kana numfashi. Ni waƙoƙin makarantar allo nake rerawa, shi kuwa ya ce muryata ce ta sa kajinsa suka daina ƙwai. Ɓera yake ce mini. Ni kuma na taɓa sa masa kwaɗo a hula, ya bi ni da sanda har bakin coci yana dariya.

A farkon Rajab, ina cikin babbar randar, sai Shaiɗan ya raɗa mini. Na katse waƙa a tsakiyar baiti, na kwanta na lumshe ido. Nufina ya kira sau uku in tashi in yi masa kukan akuya. Ya kira sau biyu, na biyun muryarsa ba ta yi kama da tasa ba. Na ukun bai zo ba. Tsoho mai shekara saba'in ya zuro kai da kafaɗa ya damƙi ɗamarata ya fizgo ni, ƙafarsa ta zame a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya faɗa da ƙugu a kan faifan dutsen da ake rufe randa. Na ji ƙarar ƙashin ina rataye a baki. Yana kwance yana haki, abin da yake tambaya shi ne ko ɓeran ya buɗe ido. Na buɗe. Ban faɗa masa wasa nake yi ba, kuma tun ranar ban faɗa ba.

Mai ɗori ya ce ba zai taka ba sai bazara, in ma zai taka. Ɗansu ɗaya yana aikin soja, ba su san ƙasar da yake ba. Inabi kuwa ya nuna a gangare, baƙi ƙirin, tsuntsaye sun fara yi masa dandazo. Maƙwabta sun taya tsinka, amma kowa yana da tasa gonar. Sai ga ƙanenka a cikin kwami, wando a naɗe, yana tattaka inabi, ruwa yana gangarawa randa. Daga nan sai tafasa ta kama ba wuta, ɓawo ya taso sama ya yi tauri, dole a danna shi da doguwar muciya sau biyar a yini, in an yi sake giyar shekara ta zama tsami. Sau biyar, Yaya. Ina idar da salla in ɗauki muciya. Aka ajiye gadonsa a ƙofar ɗakin randuna, daga nan yake ba da umarni, yana shaƙar iska ya ce randa ta uku tana kirana, in je kafin ta yi fushi. Hannuwana sun rine har gwiwa, na goge da toka da yashi, alwala ba ta fitar da shi.

Ranar da aka gama tsinka aka yi biki a ƙarƙashin rumfar inabi. Aka fasa lakar randar bara, na ɗebo da ludayi mai dogon hannu na cika tuluna, ni ne mai zubawa. Iya Tebro, matar tsohon, ta yi mini tukunyata daban kamar kullum, wake da cuku da gurasa. Aka ɗauko tsohon da gadonsa aka sa shi a kan gaba. Ya ɗaga ƙahon da suke shan giya da shi, wanda ba a ajiye shi sai an shanye, ya yi wa matattu addu'a, ya yi wa ɗansa, sannan ya juyo kaina. Ya ce shekara saba'in yana fitar da giya daga randa, bana ne ya fitar da mutum, kuma duk da ba nama a jikinsa, ya fi kowace giya da ya taɓa yi. Ya ce da ya fizgo ni leɓena shuɗi ne. A bikin maƙwabci da aka kai shi kwana uku kafin nan, an ce mini fari ya ce. Maza talatin suka miƙe tsaye saboda ni. Aka miƙo mini ruwan inabi sabon matsa, mai zaƙi, na sha kamar ina haɗiyar ƙasa.

Washegari na yanke zan faɗa masa. Na nufi gadonsa, Iya Tebro ta tare ni a bakin murhu, ba ta ko ɗago daga kwaɓin da take yi ba. Ta ce ita ce ta zura ƙugiya ta fitar da kayana daga randar ranar, kuma ta tarar da kyandir yana ci abinsa, alhali mugun iska wuta yake fara kashewa kafin mutum. Ta ce in saurara da kyau, ɗan dutse: namijin da ya karye wajen ceton rai zai iya kwanciya wata shida ana zuwa gaishe shi, amma wanda ya karye saboda wasan yaro, ƙauyen nan za su yi ta ba da labarinsa a kan ƙaho har jikokinsu. Ta ce ba ta hana ni tafiya ba, ta ma ɗaure mini guzuri, ga shi can a bayan ƙofa. Bakina kawai take so in bar mata a rufe, ko a nan ko a bayan dutse.

Ƙunshin yana nan yau kwana tara, ina tsallake shi in na fita. Randa huɗu an ɗora musu dutse an liƙe da laka, uku suna jiran a raba su da ɓawo, kuma ba mai hannun yi. Bayan su akwai itace, da yankan reshe a tsakiyar sanyi, da ɗaga tsohon a juya shi, abin da Iya Tebro ba za ta iya ita kaɗai ba. Kullum da safe sai ya sa na tsaya a haske ya duba launin fuskata, ya ce ina murmurewa. Na daina tsokanarsa, Yaya, shi kuma ya ɗauka ciwon ne bai sake ni ba, yana ta roƙona in sa masa ko da kwaɗo ɗaya.

Ka gaya wa Inna aiki ne ya riƙe ni, wannan ba ƙarya ba ce. Sauran kuma ka kai wa Malam Abdulhalim kai kaɗai, ka tambayar mini abu biyu: matsayin azumin wanda yake yini yana juya giyar wani, da kuma ko ya halatta in bar dattijo yana gode wa Allah a kan abin da bai faru ba. Ka rubuta amsar yadda ya faɗa, kada ka sassauta mini. Na san ba mai kawo ta sai ƙanƙara ta narke, kafin nan na gama azumin, na gama aikin.

Ka gaishe da Inna, ka riƙe mata hannu in za ka faɗa. Ka gaishe da matarka Mesedu da jariri, da Kawu Gaziyab, da ƙanwarmu Bahu, ka ce ta ci gaba da shimfiɗa bargona a rana.

Ƙanenka da bai zo ba,
Shafi.