Muryar Inna Tana Cikin Memorin da Na Lalata

Anti mai wannan fili, don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki rufa min asiri. Ina rubuta miki ne ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ina aiki a shagon buga takardu, daga safe zuwa yamma ina gaban kwamfuta. Saboda haka dangin maigidana suka laƙa min suna Injiniya. Duk wanda wayarsa ta yi tari, ni ake miƙo wa. Gaskiya abin da na iya bai wuce kashewa da kunnawa da goge tarkace ba, amma da yake ana dacewa, sai na bar sunan ya zauna. Har daɗinsa nake ji, ba zan ɓoye miki ba.

Surukina, wanda muke kira Baba, yana zaune tare da mu tun rasuwar matarsa, Inna. Yana fama da hawan jini, kuma mutum ne da ba ya ƙaunar magani. Inna ce kaɗai take iya masa. Lokacin da take jinya a asibiti, kullum da safe sai ta turo masa saƙon murya, tana masa faɗa, tana tambayarsa ya sha maganin nan ko sai ta taso da kanta. Wani ta haɗa da tari, wani da dariya. Bayan rasuwarta aka kwashe masa saƙonnin aka zuba a memorin wayarsa. Tun daga nan, bayan ya karya kumallo sai ya zauna a kujerarsa ta bakin taga, ya kunna ɗaya, ya saurari faɗan har ƙarshe, ya amsa mata da to, sannan ya haɗiye ƙwayarsa. Mun saba jin muryarta a gidan kamar tana ɗaki na gaba.

Kwanakin baya wayar ta fara damunsa da cewa babu fili. Ya miƙo min ita da hannu biyu, ya ce ga likitar waya nan. Ni kuma na ga wani bidiyo a intanet, wai ana raba memori gida biyu, gida ɗaya na manhajoji, ɗaya na hotuna da sauti. Mai bidiyon ya ce a fara kwafe komai a ajiye. Na ji da kunnena, Anti. Amma shago ya cika, wata tana tsaye a kaina tana jiran takardarta, sai na ce ai abin minti kaɗan ne, me zai faru. Na saka memorin a adafta, ɗan gidan da ake zura shi a ciki, na soka a kwamfuta, na danna. Aiki ya yi nisa kenan na miƙa hannu zan ɗauko takarda, gwiwar hannuna ta bugi adaftar. Sai ga jan rubutu ya fito, wai aiki bai kammala ba.

Na zare, na mayar, na sake gwadawa, sai kwamfutar ta ce memorin a kulle yake, ba za a iya rubuta komai a kansa ba. Na mayar da shi cikin wayar Baba, ita kuma ta ce ya lalace, sai dai a goge shi a fara sabo. Saura ƙiris in danna, don hankalina ba ya jikina. Allah ya sa na fasa. Yanzu yana nannaɗe a takarda a ƙasan jakata.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne ƙaryar da na yi. Na mayar wa Baba wayarsa, na ce memorin yana shago ana masa wanki, aikin yana ɗaukar lokaci. Ya yarda, har ya sa min albarka. Kullum in zan fita sai ya tambaya a hankali ko wankin ya kusa, ya ƙara da cewa kada in takura kaina. Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi. Jiya ina shara na ga kwalin maganinsa a kan taga, ƙwayoyin suna nan yadda na gan su ranar da na karɓi wayar. Maigidana bai san komai ba, har cewa yake a bar Injiniya ta yi aikinta.

Anti, muryar nan za ta dawo? In ba za ta dawo ba, da wane baki zan gaya wa tsohon nan? Wani lokaci sai in ji kamar in ce ɓarawo ya fizge jakar, in huta.

Taki,
Injiniyar Ƙarya

*

'Yata,

Maganar ɓarawo ki bar ta a nan inda kika rubuta ta. Ƙarya ɗaya ta hana ki sukuni, ina kuma ga biyu.

Mu fara da memorin, don akwai abin da zai sanyaya miki rai. Yawanci idan rabawa ta katse a tsakiya, abin da ke lalacewa shi ne ɗan bayanin da ke nuna wa waya inda komai yake. Sautin kansa sau da yawa yana nan kwance, matuƙar ba a rubuta wani abu a kansa ba. Kullewar da ta ba ki haushi kuwa, ina zaton ɗan makullin da ke gefen adafta ne ya zame lokacin da kike mayarwa cikin gaggawa. Idan haka ne, shi ya hana ki ƙara ɓarna. Kin kuma kyauta da ba ki goge ba.

Kada ki sake saka shi a waya, kada ki sake bin wani bidiyo. Ki nemi wanda aikinsa shi ne dawo da abin da ya ɓace a memori. Ki gaya masa duk abin da kika yi, ba ragi. Ki ce ya fara ɗaukar kwafin memorin gaba ɗaya, ya yi aiki a kan kwafin, abin da ya samo kuma ya zuba a wani wuri daban. Wanda ya fara yi miki zancen gogewa, karɓi abinki ki fita. Ba zan yi miki alkawari ba, wani lokaci ana samun duka, wani lokaci rabi, wani lokaci a tashi a tutar babu. Sannan ina wayar Inna? Daga cikinta saƙonnin suka fito, wataƙila suna nan. 'Ya'yanta ma ba za a rasa muryarta a wayoyinsu ba. Sai dai ba ki da hanyar tambayar kowa in ba ki faɗi gaskiya ba.

Laifinki a wajen memorin gaggawa ce da son a ce kin iya, kuma da niyyar taimako kika karɓa. Wannan ana yafe shi. Shirun da kike yi ne yake da haɗari, don mai hawan jini yana zaune ba magani yana jiran wankin da babu shi. Ki gaya wa maigidanki yau, ya san Baba ya daina shan magani, a duba jininsa. Sannan ku shiga wajen Baba tare, amma ke za ki yi magana. Zai ji zafi, ki bar shi ya ji, kada ki cika shi da kuka har ya koma shi ne mai lallashinki. Sunan Injiniya kuma in ya tafi, ki raka shi da addu'a.

Memorin zai iya jira, maganin ne ba zai jira ba. Gobe da safe, bayan ya karya, ki ɗauki kofin ruwa da kwalin nan ki same shi a bakin taga. Ki durƙusa ki tambaye shi ko ya sha maganinsa, kuma kada ki tashi sai ya ce miki to.

Allah ya jiƙan Inna, ya ƙara wa Baba lafiya, ke kuma ya ba ki ƙarfin zuciyar buɗe baki.

Antinki