Hatimin da Umma Ke Buga wa Cincin

Iskandariyya, 9 ga Ramadan

Ƙanwata Nagat,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya ibada, ya jikin Umma? Kin tuna ɗan hatimin yumɓun nan da take dannawa a kan kahak, cincin ɗinmu na Sallah? Na ga irinsa cikin gilashi a gidan wani attajiri mai tara kayan Fir'aunoni. Ashe zanen da muka taso muna ci da sukari sunan sarki ne. Mutumin ya matsa sai ya ga namu, wataƙila ya saya. Ki lallaɓa Umma ki aiko min.

Yayanki, Haggag

Gurna, 15 ga Ramadan

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Shekara shida ba ka haye kogi ka zo ba, sai yumɓu ya tuna maka hanyar gida. Na so in hana, Umma ta ce a ba ka, ga shi nan a hannun direban da ya kawo maka wasiƙar nan. Tun da hatimin ya tafi take zama bakin gonar rake da hantsi, idonta ba ya gani, babban yatsanta na shafa tafin hannunta. Ta ce tana jin kukan agwagi a kan ruwa, alhali rabonmu da agwagwa tun rasuwar Baba. Tausayinta ya hana ni sukuni. Bana ban san da me za mu buga wa cincin Sallah ba.

Ka huta lafiya, Nagat

Iskandariyya, 22 ga Ramadan

Nagat,

Ina gaisuwa, amma na sha kunya. Masanin da attajirin ya kira ya juya hatimin, ya shinshina, ya yi dariya. Wai babu sarkin da aka taɓa rubuta sunansa da agwagi uku da kwalekwale, kuma a ruwan shayi da toka aka tsufar da shi, irin aikin mutanen garinmu. Ni ɗan Gurna, a ce jabun Gurna ya ci ni! Wa ya cuci Baba da wannan?

Sai na ji daga gare ki, Haggag

Gurna, 26 ga Ramadan

Yaya,

Muna gaishe ka. Na karanta wa Umma, ta daɗe tana murmushi. Ashe Baba ne ya sassaƙa shi da hannunsa shekarar da yake nemanta. Agwagin nata ne, a kwalekwalen ya fara ganinta. Ta ce, "Faɗa wa ɗan nan na san ba za su saya ba. Kada ya ba direba, ya kawo min da kansa."

Mun jiƙa alkama, ba za mu kwaɓa ba sai ka iso.

Allah ya kawo ka lafiya, Nagat